ƘARIN ƘARFIN MOTA DA KUƊIN INSHORA: JAN KUNNE GA MASU LODIN HATSI

 Yau ba maganar farashin gero da dawa za mu yi ba, wannan yana can a shafinsa. Maganar abin da ke ɗaukar geron za mu yi, watau mota.

Kaka ta ƙarato, kowa ya kai tasa gareji. In ka ratsa ta wajen makanikai yanzu ba abin da za ka ji sai ƙarar guduma. Wannan ana ƙara wa tasa ganyen sifirin, wancan an sauke masa inji ana ɗora wani babba, wancan kuma ana ɗaga masa bodi. Kowa lissafinsa ɗaya ne: mota ta ƙara ƙarfi, buhu ya ƙaru, sawu ya ragu. Lissafin ba laifi, sai dai akwai layi guda da ake tsallakewa a cikinsa, shi ne na inshora. Mu ma mun tsallake shi, sai da ya ci mu tukuna muka san da zamansa.

ABIN DA YA SAME MU

Wani abokin cinikinmu, wanda muka yi shekara da shekaru muna haɗa lodi tare, ya sayi Kanta da bashin banki. Da yake bankin ya ce ba ya ba da bashin mota sai da babbar inshora, aka yi mata, yana biya kowace shekara ba fashi. A takarda motar ba ta kai tan huɗu ba, watau buhu arba'in ma bai cika ba. Bayan shekara guda inji ya fara shan baƙin mai. Makanike ya ce masa, "Alhaji, da a tsaya gyaran wannan, ga wani ɗan Beljiyam can ya fi shi girma, a ɗora mata shi mana. A ƙara ganye uku-uku a baya, a ɗaga katako, saba'in za ta riƙa kwashewa ko nishi ba ta yi." Aka yi hakan. Kuma makanike bai yi ƙarya ba, ta kwashe saba'in ɗin, har muna yi wa Alhaji barka.

Ran nan ta ɗauko masara daga Mangu za ta Lafiya, buhu saba'in, talatin a ciki namu ne. Da ta zo gangaren Hawan Kibo birki ya yi zafi, direba ya taka ya ji fayau. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, direba ya karye a ƙafa, yaron mota ya yi tsalle ya tsira. Amma mota ta kife ta ragargaje, masara ta watse cikin duwatsu, abin da aka tsince bai taka kara ya karya ba.

Alhaji ya ce kada mu damu, akwai inshora. Kamfani ya aiko injiniyansa. Mutumin nan bai yi wata doguwar tambaya ba. Ya ɗauki tsumma ya goge lambar inji, ya haska tocila, ya duba takardarsa. Ya durƙusa ya ƙirga ganyen sifirin. Ya ce a ba shi takardar lodi. Ya yi sallama ya tafi. Bayan mako uku wasiƙa ta zo, ma'anarta a taƙaice ita ce, motar da suka yi wa inshora ba ita ce ta faɗi ba. Ko kwabo ba su biya ba. Banki kuwa bai daina bin bashinsa ba. Mu kuma masu buhu talatin aka ce ai tun farko ba ma cikin lissafi, don inshorar mota daban, ta kaya daban.

Muka yi ta faɗa, muna cewa kamfanonin nan sun iya karɓa ba su iya bayarwa ba. Sai wani dattijo da ya yi aikin inshora har ya yi ritaya ya zaunar da mu a rumfa, ya ce, "Alhazai, in mutum ya nuna muku samfurin farar dawa tas, kuka yi ciniki a kansa, ranar lodi ya kawo muku wata iri dabam, me kuke kiran wannan a Dawanau?" Muka yi shiru. Yawancin abin da za mu faɗa a nan daga zaman nan muka fara fahimtarsa.

FASALI: ABIN DA KAMFANI KE SAYA

Inshora ciniki ne, amma abin da ake saye da sayarwa a cikinsa haɗari ne. Kai ka ba su kuɗi kaɗan tabbatacce, su kuma su ɗauke maka babbar hasara wadda ba a san ko za ta zo ba. To, su ba su da ƙarfen da za su soka buhu su ga abin da ke ciki. Samfurinsu shi ne fom ɗin da ka cika: irin motar, shekararta, lambar inji, lambar shasi, girman injin, nauyin da aka yi ta ta ɗauka, da aikin da za ta yi. A kan wannan suke yanka farashi. Shi ya sa tun 1766 wani alƙali a Ingila, Mansfield, ya kafa ƙa'idar cewa cinikin inshora ba ya tsayawa sai da cikakkiyar gaskiya, don abin da ake ciniki a kansa mai neman inshora ne ya san shi, kamfani bai sani ba. Dokokin inshorarmu daga can aka gado su. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tun muna gaban malam aka karanta mana a babin ciniki cewa ba a ɓoye aibin haja.

Sabo da haka in ka taɓa mota bayan an yi ciniki, ka canja hajar ke nan. Ga yadda kowane irin taɓi yake a idonsu.

Ƙarin sifirin. Wannan kamar ƙara wa jaki akumari ne. Bayansa zai daina ciwo, amma ƙafafunsa ba su ƙaru ba. Sifirin yana hana mota durƙushewa ne kawai. Birki yana nan yadda aka ƙera shi, taya tana nan, shasi yana nan. In ka ninka nauyi, zafin da birki zai sha kafin ya tsai da mota ya ninka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka gane ba, sai a dogon gangare.

Babban inji, ko ɗora tobo, ko buɗe famfon gas don ya ƙara turo mai, ko taɓa ƙwaƙwalwar motocin zamani da kwamfuta. Duk manufarsu ɗaya ce, ƙarin ja da ƙarin gudu. Gudu kuwa lissafinsa ya fi na nauyi muni, don ba ya tafiya ɗaya bisa ɗaya. In mota ta tashi daga gudun kilomita 60 ta koma 90, tazarar da za ta ci daga taka birki zuwa tsayawa ta fi ninki biyu. In gudu ya ninka, tazarar ta ninka sau huɗu. Wannan ba ra'ayin kamfani ba ne, haka abin yake a halitta.

Cire na'urar ƙayyade gudu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa ta daga 1 ga Fabrairu 2017. A ƙa'idar hanya tirela da tanka ba su wuce kilomita 60 a babban titi mai hannu biyu, bas da tasi 90. Wanda ya cire na'urar, ko ya sa aka yi mata dabara, ya haɗa laifi biyu, na hukuma da na inshora.

Ɗaga bodi da sa manyan tayoyi. Kaya in sun yi sama mota tana saurin kifewa a kwana. Babbar taya kuma tana rage wa birki kamu, tana sa agogon gudu ya yi ƙarya, direba yana ganin 80 alhali ya wuce nan.

Mai da mota ta iskar gas. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023 mutane da yawa suka koma CNG, gwamnati ma tana ƙarfafa haka. Wannan ba don gudu ake yi ba, don sauƙi ne, amma shi ma canji ne, tilas a faɗa. Matsin iskar da ke cikin tukunyar CNG ya ninka na tukunyar gas ɗin girki sau ashirin ko fiye. A watan Oktoba 2024 wata mota ta yi bindiga a wani gidan gas a Benin, mutane suka ji rauni, aka gano tukunyarta haɗin masu walda ce. Kamfani zai tambaye ka wa ya yi aikin, ina takardar shaidarsa.

FASALI: NAWA NE ƘARIN

Nan sai mu raba magana biyu, don inshorar mota iri biyu ce a hannun mutanenmu.

Ta farko ita ce ta dole, wadda 'yan sanda ke tambaya a hanya. Dokarta ta farko ta 1945 ce. Ba ta biyan motarka, ba ta biyan kayanka, wanda ka buge take biya. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ita ke yanka kuɗinta. Daga 1 ga Janairu 2023 ta mai da na motar gida naira 15,000, da can 5,000 ne, kuma iyakar abin da za a biya na dukiyar wani ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita aka sa mata 20,000, babbar motar da ke ɗaukar kayan mutane haya 100,000, dukansu biyu iyakarsu miliyan 5. Adaidaita sahu 5,000, babur 3,000. Daga 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka ba da sanarwar tsananta kamu a kanta.

To, a wannan inshora farashi na aji ne, ba na kowace mota ba. Sabo da haka ƙarin sifirin ko babban inji ba ya ƙara ko sisi a kan abin da aka yanka. Wannan shi ya rufe wa mutanenmu ido, suke zaton gyaran mota bai shafi inshora ba. Amma a lura, gyara yakan fid da mota daga ajinta. Ka cire kujerun bas ka mai da ita ta lodi, ta canja aji. Akori-kurar da ka rubuta ta kayanka ce, ka ƙara mata ƙarfi ta fara kwasar kayan mutane ana biyanka, ta tashi daga ajin 20,000 ta koma na masu haya. In ka ci gaba da riƙe tsohuwar takarda za ta wuce da kai shingen 'yan sanda, amma ranar da ka daki motar wani, sai a ce ba a kan wannan aiki aka yi ciniki ba.

Ta biyu ita ce babbar inshora, mai biyan motarka in ta yi haɗari, ko ta ƙone, ko aka sace ta. A sanarwar nan ta NAICOM an ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, bayan duk wani ragi. Nan ne gyara ke shiga aljihu kai tsaye, kuma ta ƙofa uku yake shiga.

Ƙofa ta ɗaya, darajar mota ta ƙaru. Mu ɗauka, don misali kawai, motarka ta naira miliyan 20 ce. Kashi 5 miliyan 1 ke nan a shekara. Ka ɗora inji da bodi na miliyan 4, ta koma ta miliyan 24, kuɗin shekara ya zama miliyan 1 da dubu 200, ko da kamfani bai ce komai a kan haɗari ba.

Ƙofa ta biyu, kamfani ya ɗaga kason kansa, don ya ga haɗari ya ƙaru. Kashi 5 ɗin nan ƙasa ce aka shimfiɗa, ba rufi ba. In a misalinmu suka ce sai kashi 6, kuɗin ya zama miliyan 1 da dubu 440. Watau gyaran miliyan 4 ya jawo maka ƙarin dubu 440 kowace shekara, muddin motar tana hanya. Wannan shi ne layin da muka ce ana tsallakewa. Kafin ka ce gyara ya biya kansa, sai ka raba wannan kuɗi a kan buhunan da ka ƙara, ka haɗa da tayar da za ta riƙa saurin cinyewa, da birki, da ƙarin mai.

Ƙofa ta uku, kason mai mota. A kowace babbar inshora akwai wani yanki na hasara da aka ce kai za ka fara ɗauka kafin su sa hannu. In mota gyararriya ce sukan ɗaga wannan yanki. Ba ka jinsa ranar biya, sai ranar karɓa.

Akwai kuma gyaran da za su ce ba su karɓa ko nawa za ka biya, kamar shasin da aka yanke aka ƙara masa tsawo a bakin titi, ko tukunyar gas marar shaida. Wannan ma amsa ce mai amfani. In mutumin da sana'arsa ke nan ya ce ba ya sayen haɗarinka, ya kamata ka sake duban motar da kake tura ɗan wani ya tuƙa.

FASALI: RANAR KARƁA

Wanda ya ɓoye ya tsira da dubu 440. Bari mu ga abin da ya saya da su.

In an yi sa'a ƙwarai, kamfani ya biya, amma a kan tsohuwar daraja. Injin miliyoyi da bodin da ka kashe wa kuɗi ba su cikin takarda, sabo da haka ba su cikin diyya. Wasu takardun ma suna da sharaɗin cewa in ka rubuta daraja ƙasa da ta gaskiya, a rage maka diyya daidai da haka. Ka rubuta 20 alhali 24 ce, a biya ka kashi biyar cikin shida na hasararka.

In ba a yi sa'a ba, a yi maka yadda aka yi wa abokinmu. Kuma ko da ka faɗi gyaran, a san cewa takardun motocin kaya sun saba ɗauke da sharaɗin ba a biyan ɓarnar da lodin wuce kima ya jawo. Faɗin cewa ka ƙara sifirin bai ba ka izinin obalodi ba. Nauyin da ke rubuce a takardar mota shi ne nauyinta, har sai hukuma ta canja shi.

Dokar inshora ta 2003 ta ɗan sassauta wa masu mota, ta ce abin da kamfani bai tambaya a fom ba, ba a ɗauke shi muhimmi ba. A 2025 aka sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta. Amma kada wani ya jingina da irin wannan sassauci. Wane fom ne ba ya tambayar lambar inji? Wanne ne ba ya tambayar nauyi da irin aiki? Ramin ƙarya ƙurarre ne, nan kuwa tsumma da tocila kaɗai ke tone shi.

Ba mu ce kamfanoni waliyyai ne ba. Akwai masu jan ƙafa, akwai masu neman ƙaramar kafa su zille, shi ya sa NAICOM ke da ofishin karɓar ƙorafi. Amma ka je ƙorafi da hannu mai tsabta. In sun sami lambar inji ba ta yi daidai ba, kai ka ba su sandar da za su doke ka da ita.

TAMBIHI A KAN MOTOCIN YARA

Ba lodi kaɗai ba. Da yawa cikinmu mun saya wa yaro mota, ya kai ta an cire mata abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, an sa mata bututu mai ƙara, an taɓa ƙwaƙwalwarta, ana wasan mota da ita a bikin abokai. Takardar kuwa da sunan Alhaji take. To, a sani, inshorar motar gida ba ta ɗaukar tsere, ba ta ɗaukar gwajin gudu, a rubuce yake a jikinta. Kuma ko a tuƙin yau da kullum, in ta dole kaɗai gare ka, iyakar dukiya miliyan 3 ce. Yaro ya shiga bayan sabuwar jif ta wani, abin da ya haura miliyan 3 daga rumbun wa zai fito? Dillali ma ya san amsa.

YADDA AKE YI A INDA MOTOCIN SUKA FITO

Da yake da yawa cikin motocin nan da injunan daga Turai ake sauke su, ya kamata mu san yadda masu su na farko suke yi. A Jamus, in ka canja wani abu da ya shafi ƙarfi ko lafiyar mota, sai ka kai ta wurin masu dubawa, irin su TÜV, su gwada su rubuta a takardarta. In ba ka yi ba, izinin hawanta titi ya faɗi. A Ingila kamfani yakan tambaye ka ƙarara ko an canja wa motar wani abu daga yadda ta fito, kuma farashi na kowane mutum ne, ba na aji ba, sabo da haka saurayi mai gyararriyar mota yakan ji a jikinsa. Dokarsu ta 2012 ta raba masu ɓoyewa biyu. Wanda ya ɓoye da gangan, kamfani ya soke takardarsa, ya hana shi diyya, ya kuma riƙe kuɗin da ya biya. Wanda sakaci ne, a dubi abin da kamfani zai yi da ya sani. In da zai caje shi ɗari ne amma ya biya tamanin, a ba shi kashi 80 cikin 100 na diyya. Ka ga ko can ba a hana gyara ba. Ɓoyewa aka hana.

MASU TAKAFUL

Mun san akwai 'yan'uwa da ke ƙyamar inshora gaba ɗaya sabo da abin da suka ji daga malamansu. Wannan mas'ala ce ta malamai, ba tamu ba. Abin da muka sani shi ne, an fara kamfanin inshora irin na Musulunci a Sudan a 1979, a nan kuma NAICOM ta fid da ƙa'idojin takaful a 2013, har aka sami kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A takaful kuɗin da ka ba da gudummawa ce cikin asusun jama'a, daga ciki ake biyan wanda hasara ta samu, in an yi rara a raba. To, wanda ya shiga da gyararriyar mota ya ɓoye, ya ba da gudummawar jaki ya ɗora wa asusu kayan raƙumi. Nan ba ma kamfani ya cuta ba, 'yan'uwansa masu asusun ya cuta, wataƙila har da maƙwabcinsa na rumfa. Su ma fom ɗinsu yana tambaya, su ma suna da injiniya mai tocila.

SHAWARA

Ga mai mota. Na farko, ka tambayi kamfani kafin ka kai gareji, ba bayan ka fito ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ce ga abin da nake so in yi, nawa zai ƙara mini? Na biyu, kada ka yarda da "ba komai, Alhaji" ta bakin wakili. A rubuta maka canjin a takarda mai hatimin kamfani, a liƙa a jikin ta asali. Na uku, in ka canja inji ka je ofishin lasin a gyara lambar a takardun mota, ka adana rasiɗin injin da na makanike. Na huɗu, in ka ƙara ja ka ƙara tsayawa. Kuɗin da ka ware wa inji ka ware wa birki da taya rabonsu. Na biyar, ka tabbata takardar kanta ta gaskiya ce. Da yawa cikin waɗanda ake saye a hannun 'yan bakin ofishi bugun kwamfuta ne kawai. Ƙungiyar kamfanonin inshora tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, ana sa lambar mota a waya a ga ko tana ciki.

Ga ɗan kasuwa da dillali da ba su da mota, haya suke ɗauka. Ku ne kuka fi kowa shiga tsaka mai wuya, don kayanku ne a sama, kuma ba ku da ta cewa a kan abin da ke ƙasa. Inshorar motar wani ba ta biyan hatsinka. Akwai inshorar kaya a hanya, ita ke biya, kuma ita ma ta saba da sharaɗin lodin wuce kima. In ɗan kamasho ya ce ga wata za ta haɗa maka lodin mota biyu a sawu ɗaya da rangwame, ka tambayi kanka da me take ɗaukarsa. Ragin da za a yi maka a kan kowane buhu ka auna shi da kuɗin buhun kansa. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Mu dai tun daga Hawan Kibo muka ɗauki al'ada guda. Kafin a ɗora mana buhu ko ɗaya, sai direba ya kawo takardun mota, mu dubi nauyin da aka rubuta, mu sa yaro ya leƙa ƙasa ya ƙirga mana ganye. Wasu direbobin sukan yi fushi, su ce Alhaji ya zama VIO. Wasu sukan ja motarsu su tafi wurin wani. Mukan biya ɗan ƙari a sawu, ba mu musu ba. Abokinmu kuwa sai bara ya gama biyan banki kuɗin motar da tuni aka sayar da ƙarafanta a kilo. Shi da kansa ya ce mu rubuta wannan, mu dai sakaya sunansa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai kowane lodi lafiya.